Chrysler da motarsa ɗaya tilo: wace jita-jita ce abin kamawa?

A watan Disamba na 2023 mota ta ƙarshe ƙirar Chrysler 300 ta fito daga masana'antar Brampton da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, aka rufe babinta. Tun daga lokacin, duk wanda ya shiga shagon dila a Amurka ya ce a nuna masa Chrysler, abu ɗaya za a nuna masa: Pacifica, motar iyali mai kujeru bakwai ko takwas da ƙofofin gefe masu zamewa, irin wadda ake kira miniban. An kuma yi Voyager, amma ita ma Pacifica ce aka rage wa kayan ƙawa aka sassauta farashinta. Sunan da ya cika shekara 100 a watan Yuni na 2025, wanda a 2005 aka sayar da motoci sama da 600,000 masu ɗauke da shi a Amurka, a 2024 abin da aka sayar bai wuce kimanin 125,000 ba.

Inda labari ya yi ƙaranci, jita-jita ce ke cike gurbi. Shekaru ke nan masu bibiyar harkar motoci suna ta hasashen abin da Chrysler zai fitar. Wasu sun ce sabuwar Pacifica mai aiki da lantarki zalla na nan tafe. Wasu sun ce kurosoba ce, wato motar da ke da tsayi da siffar jif amma an gina ta a kan jikin ƙaramar mota, kuma har ana gardama ko layin kujerunta biyu ne ko uku. Akwai masu mafarkin dawowar 300 da injinta mai silinda takwas. A ganina yawancin wannan hasashe ya sa ido ne a inda bai kamata ba. Ana kallon zanen mota da kalaman shugabanni a wurin baje koli, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da zai yanke hukunci shi ne masana'anta, da shasin da za a ɗora motar a kai, wato ƙashin ginin da ke ɗauke da inji da ƙafafu, da kuma ko uwar kamfanin, Stellantis, ta yarda ta ba Chrysler wani fili da Jeep bai riga ya mamaye ba.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane dalilin da ya sa miniban ta zama ran Chrysler. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin ya kai bakin durƙushewa, har sai da gwamnatin Amurka ta tsaya masa a kan bashin dala biliyan 1.5. Mutum biyu da Ford ya kora suka koma Chrysler, Lee Iacocca da Hal Sperlich, su ne suka zo da tunanin motar da ta fi ƙaramar mota faɗi, ba ta kai bas girma ba, za ta iya shiga garejin gida, kuma mace ko namiji zai tuƙa ta ba tare da jin kamar yana jan babbar mota ba. Dabarar ita ce sanya inji a gaba yana jan ƙafafun gaba, saboda haka babu doguwar sandar da ke bi ta ƙarƙashi zuwa ƙafafun baya, sai daɓen motar ya sauko ƙasa ya zama shimfiɗaɗɗe. A watan Nuwamba na 1983 Dodge Caravan da Plymouth Voyager, dukansu na kamfanin Chrysler, suka fara fitowa daga masana'antar Windsor, garin Kanada da kogi kawai ya raba shi da Detroit. Har yau a wannan masana'antar ake ƙera Pacifica.

Kasuwar ta bunƙasa har ta kai ƙololuwa a shekarar 2000, lokacin da Amurkawa suka sayi miniban kusan miliyan 1.4 a shekara guda. Daga nan ta fara gangarowa, kuma a 'yan shekarun nan ba ta kai ko sulusin wancan adadi ba a mafi yawan lokuta. Ba wai motar ta rage amfani ba ne. Har gobe babu kurosobar da ke ɗaukar mutum bakwai da kayansu cikin walwala kamar miniban, kuma duk iyayen da suka taɓa kokawar ɗaure jariri a kujerar baya a matsattsen wurin ajiye motoci sun san darajar ƙofa mai zamewa. Abin da ya kashe mata kasuwa shi ne kallon da ake mata. Ta zama alamar mutumin da ya gama yayinsa, sai kai yara makaranta da filin ƙwallo. Yaran da suka girma a bayanta, da suka zama iyaye, ba su so a gan su a cikinta. Toyota RAV4 da Honda CR-V suka buɗe hanya a tsakiyar shekarun 1990, Lexus RX da Highlander suka biyo, daga baya Kia Telluride da Hyundai Palisade suka zo a 2019 da layin kujeru uku suka kwashe sauran masu saye. Ford ya daina miniban a Amurka a 2007, General Motors ya bi sahu jim kaɗan bayan haka, Nissan ya janye Quest, Dodge Grand Caravan ta tsaya a 2020.

Wannan janyewa ce ta bar fili ga 'yan kaɗan: Pacifica, Toyota Sienna, Honda Odyssey da Kia Carnival. Kuma a nan akwai abin da masu hasashe kan tsallake. Ƙaramar kasuwa mai 'yan takara huɗu ta fi babbar kasuwa mai 'yan takara masu tarin yawa daɗin zama. Pacifica ta sayar da sama da 100,000 a 2023, ta maimaita a 2024, duk da cewa ginin jikinta na 2016 ne. Gaskiya ne kaso mai kauri na tafiya ga kamfanonin hayar motoci, waɗanda ba sa biyan farashin da mutum ɗaya ke biya, kuma Voyager ma ta yi shekaru ana sayar da ita ga irin waɗannan kamfanoni kaɗai kafin a dawo da ita shagunan dila. Duk da haka, motar da ta kusa shekara goma ba a sake mata gini ba kuma tana gogayya da Toyota da Honda, ba abin rainawa ba ce.

To me ya sa ba a yarda da alkawarin Chrysler na kawo sababbin motoci? Saboda an sha ji. A watan Mayu na 2014 Sergio Marchionne, shugaban Fiat Chrysler na lokacin, ya gabatar da shirin shekara biyar wanda a ciki aka ce Chrysler zai tashi daga motoci kimanin 350,000 a shekara zuwa 800,000 nan da 2018, tare da ƙaramar mota mai suna 100 da sababbin kurosoba. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta fito. Maimakon ƙari ma, sai aka kashe Chrysler 200 a ƙarshen 2016. A 2017 aka nuna samfurin Portal a baje kolin CES na Las Vegas, miniban ta lantarki da aka ce don matasa aka zana ta, ita ma ta leƙo ta koma. Bayan haɗewar Fiat Chrysler da kamfanin Faransa mai Peugeot da Citroën a watan Janairu na 2021, aka haifi Stellantis, shugabanta Carlos Tavares ya ce an ba kowane tambari shekara goma ya nuna abin da ya iya. Aka naɗa Christine Feuell ta jagoranci Chrysler. A watan Janairu na 2022 ta nuna Airflow, kurosobar lantarki da ta yi kama da wadda ta kusa shiga kasuwa, tare da alkawarin motar lantarki ta farko nan da 2025 da kuma komawa lantarki gaba ɗaya nan da 2028. Sunan ma kansa abin a yi murmushi ne, domin Airflow ta asali ta 1934 ta shahara ne da wuce zamaninta da kuma rashin masu saye. Aka ajiye Airflow aka ce za a sake zane. A watan Fabrairu na 2024 aka nuna Halcyon, kyakkyawar mota mai jiki ƙasa-ƙasa wadda babu mai tunanin za a ƙera ta yadda take. A farkon 2025 labari ya fito cewa an dakatar da aikin kurosobar lantarkin. Shekarar 2025 ta zo ta wuce babu motar lantarki mai tambarin Chrysler a shagon kowane dila.

Samfurin baje koli ba shi da tsada idan aka kwatanta da mota ta gaske. Ana iya haɗa guda ɗaya da hannu cikin 'yan watanni. Ƙera sabuwar mota domin kasuwa kuwa yana cin shekara uku zuwa huɗu, kuma Pacifica kaɗai, tare da gyaran masana'antar Windsor, ta lashe sama da dala biliyan 2. Saboda haka duk jita-jitar da ba ta ambaci masana'anta ba, iska ce. Kafin mota ta fito, dole a ga masu kawo kayan haɗi sun karɓi kwangila, a ga an rufe wani layi na masana'anta ana canja injuna, a ga ƙungiyar ƙwadago ta san da zancen, a kuma fara ganin motocin gwaji a kan titi an lulluɓe su don kada a gane siffarsu. Ko waɗannan ma ba su zama tabbaci ba. Bayan yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar ƙwadago ta Unifor a 2023, an fara gyara Brampton domin ƙera Jeep Compass, aka dakatar da aikin a watan Fabrairu na 2025, sannan a watan Oktoba aka sanar da mayar da motar Belvidere ta jihar Illinois, har gwamnatin Kanada ta yi barazanar zuwa kotu. Idan abin da aka rubuta aka sa hannu ya iya sauyawa haka, ina ga magana a gaban 'yan jarida?

Wannan sanarwa ta Oktoba 2025 ta cancanci a tsaya a kanta. Stellantis ta ce za ta zuba dala biliyan 13 a Amurka cikin shekara huɗu. Sunayen da suka fito fili su ne Jeep Cherokee da Compass a Belvidere, sabuwar Dodge Durango a Detroit, matsakaiciyar a-kori-kura a Toledo, da wata babbar jif a Warren. Mai neman sunan Chrysler a cikin jerin sai ya ƙura ido ya gaji. Inda kamfani ya sa kuɗinsa ya fi abin da shugabanninsa ke faɗa bayyana zuciyarsa.

Ga asalin ƙullin. Stellantis na da tambarin motoci 14, kuma a Amurka huɗu daga ciki, Chrysler, Dodge, Jeep da Ram, a shago ɗaya ake sayar da su, dila ɗaya, ma'aikata ɗaya. Zamansu kamar na kishiyoyi ne a gida ɗaya da tukunya ɗaya: abin da aka ƙara wa wannan, daga kwanon waccan aka ɗebo. Ram na da a-kori-kura, Dodge na da motocin ƙarfi da gudu, Jeep na da duk wani abu mai siffar jif tun daga ƙaramar Compass har zuwa Grand Wagoneer, ciki har da Grand Cherokee L mai layin kujeru uku. Idan aka kawo kurosobar Chrysler aka ajiye kusa da Cherokee, mai saye na farko da za ta samu shi ne wanda ya shigo da niyyar sayen Jeep. Kuma tambarin Jeep ya fi tsada a idon mai saye, don haka kamfani zai yi musayar ciniki mai riba da wanda bai kai shi ba. An taɓa gwada irin wannan: Chrysler Aspen, wadda Dodge Durango ce aka canja wa fuska, shekara uku kawai ta yi, daga 2007 zuwa 2009. Ita kanta Pacifica ta farko, ta 2004 zuwa 2008, kurosoba ce, kuma ba ta yi abin a zo a gani ba.

Wannan ba yana nufin kurosobar ba za ta zo ba. Ina ganin za ta zo, domin dilolin na matsa lamba, kuma tambari mai mota ɗaya ba ya biyan kuɗin tallansa. Amma siffar da za ta iya zuwa da ita ba ɓoyayya ba ce ga mai lura. Babu kuɗin gina mata shasi na kanta, don haka za a ɗora ta a kan wanda ake da shi. Shasin STLA Large shi ne ke ɗauke da Dodge Charger da ake ƙerawa a Windsor, da Jeep Wagoneer S da sabuwar Cherokee da ake ƙerawa a Toluca ta Meziko, kuma Cherokee ɗin ta zo da inji mai lita 1.6 da ke haɗa fetur da lantarki. Hasashen da ya fi kusa da hankali shi ne 'yar'uwar Cherokee mai laushin tafiya, wadda ba ta da'awar hawa duwatsu, kuma farashinta ya sauko. Wurin da Jeep ya bari a buɗe shi ne ƙasa, wato wurin mai ƙaramin ƙarfi, bayan da aka yi ta ɗaga farashi a zamanin Tavares har dilolin Amurka suka rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙar koke a watan Satumba na 2024. Tavares ya sauka ranar 1 ga Disamba na shekarar, bayan ribar kamfanin ta kama hanyar faɗuwa daga yuro biliyan 18.6 a 2023 zuwa 5.5 a 2024. Antonio Filosa, wanda ya gaje shi a watan Yuni na 2025, ya sassauta tseren lantarki: an dawo da Hemi, injin fetur mai silinda takwas, cikin Ram, an soke a-kori-kurar Ram mai lantarki zalla. Duk mai hasashen Chrysler ta lantarki zalla a yau, yana karanta tsohuwar jarida ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda surutun kurosoba ya danne matsalar da ke gaban Pacifica kanta, wadda ita ce ke ciyar da gidan. Tun daga ƙirar 2021 Toyota ta mayar da kowace Sienna mai haɗa fetur da lantarki, irin wadda ba a jona ta da caji, batirin na cika kansa yayin tafiya. A ma'aunin gwamnatin Amurka tana yin kusan kilomita 15 da lita ɗaya, Pacifica mai injin V6 na lita 3.6 kuwa tana yin tara da ɗoriya. Kia ta kawo Carnival irin wannan a ƙirar 2025. Amsar Chrysler a da ita ce Pacifica Hybrid, wadda ake jona wa caji, tana tafiyar kusan kilomita 50 da batiri kaɗai, kuma ita ce miniban ta farko irin wannan a Amurka. Amma ta sha fama: a 2022 an yi kiran a mayar da dubban motocin 2017 da 2018 domin gyara saboda haɗarin kama wuta, aka ce masu su kada su yi caji kuma su ajiye su a waje. Rangwamen haraji na dala 7,500 da ke rage mata tsada ya ƙare a ƙarshen Satumba 2025, kuma a farkon 2026 Stellantis ta sanar da daina irin waɗannan motoci masu caji a Arewacin Amurka. Wato a daidai lokacin da abokan hamayya ke tallan tsimin mai, Chrysler ya rage da inji ɗaya mai shan fetur.

Gyaran kuma ba mai sauƙi ba ne, kuma dalilin na cikin daɓen motar. Babban abin alfaharin miniban ɗin Chrysler tun ƙirar 2005 shi ne Stow 'n Go, kujerun tsakiya da na baya da ake naɗewa su shige cikin ramuka a ƙarƙashin daɓe, motar ta koma fili ba tare da an ciro ko kujera ɗaya ba. Sienna da Odyssey ba su da wannan a layin tsakiya. Sai dai waɗannan ramuka su ne daidai wurin da batiri ke buƙata. Shi ya sa Pacifica Hybrid ta rasa naɗe kujerun tsakiya, batirinta ya zauna a ramukansu. Ƙaramin batiri irin na Sienna ya fi sauƙin samar wa wuri, amma babban batirin motar lantarki zalla, wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin daɓe gaba ɗaya, yana cin karo da ramukan kai tsaye. Injiniyoyin Chrysler na da zaɓi mai ɗaci: ko su riƙe abin da ya bambanta motarsu, ko su bi kasuwa. Wanda ya warware wannan ƙulli ya yi wa kamfanin aikin da ya fi kurosoba goma.

Sannan ga siyasa. Ana ƙera Sienna a Princeton ta jihar Indiana, Odyssey a Lincoln ta jihar Alabama, duk cikin Amurka. Pacifica kuwa daga Kanada take tsallakowa. Da Shugaba Trump ya ƙaƙaba harajin kashi 25 cikin ɗari kan motocin da ake shigowa da su a watan Afrilu na 2025, masana'antar Windsor ta rufe na mako biyu nan take. Akwai sassauci ga kason kayan Amurka da ke jikin motar, amma sauran na shan haraji. Ɗauke aikin daga Windsor bayan shekara 40 da ɗoriya zai ci kuɗi masu yawa ya kuma tayar da rigima da Kanada, barinsa a can kuma yana cin riba a kowace mota. Duk hasashen sabuwar Pacifica da bai lissafa wannan ba, bai cika ba.

Wasu na nuna China a matsayin mafita, kuma akwai ƙamshin gaskiya. A can miniban motar manya ce: Buick GL8, Toyota Alphard, Lexus LM, Denza D9, ana zama a baya direba na ja. Stellantis kuma ta sayi kusan kashi 20 cikin ɗari na kamfanin Leapmotor a 2023. Amma harajin kashi 100 da Amurka ta sa wa motocin lantarkin China da dokar hana manhajojin China a cikin motoci sun toshe wannan ƙofa, kuma Ba'amurke ba ya kallon miniban da idon ɗan kasuwar Shanghai.

Mu a nan abin ya shafe mu ta wata fuska. Abin da iyalan Amurka suka saya yau, shi ne tokumbon da zai sauka a Legas da Kwatano bayan shekara takwas ko goma. Sienna ta cika tashoshin mota daga Abuja zuwa Kaduna da Kano ne saboda Amurkawa sun saye ta da yawa a da, kayan gyaranta suka wadata, makanikai suka san cikinta. Miniban ɗin Chrysler da Dodge ba su taɓa samun wannan karɓuwa a wurin direbobinmu ba. Tunda kowace Sienna daga 2021 mai batiri ce, nan gaba kaɗan direban haya da makanikensa za su fuskanci motar da sai da na'urar bincike da sanin lantarki ake taɓa ta, ko sun so ko ba su so ba.

A watan Agusta na 2024 Frank Rhodes, tattaɓa-kunnen Walter Chrysler, ya fito ya nemi a sayar masa da tambarin Chrysler da Dodge, Stellantis ta ce ba na sayarwa ba ne. Ina ganin da gaske take, amma ba don ƙauna ba. Kashe tambari a Amurka na da tsada saboda dokokin jihohi da ke kare diloli, General Motors ya ɗanɗana wannan da ya rufe Oldsmobile a 2004. Barin Chrysler da mota ɗaya kuwa kusan kyauta ne, tunda shagon da ma'aikatan na nan saboda Jeep da Ram. Wannan yanayi na iya ɗorewa shekaru, ba a kashe ba, ba a raya ba, ana ɗan gyara fuskar Pacifica lokaci zuwa lokaci. Alamar da za ta nuna an bar wannan hanya ita ce ranar da Stellantis ta faɗi sunan masana'anta da shekarar da za a fara ƙera sabuwar miniban daga tushe, mai injin da ke haɗa fetur da lantarki ba tare da caji ba, kuma kujerunta na tsakiya na shigewa daɓe.